Awa 72: Fyaɗe, Lafiyar Mata da Ƙanjamau a Ɗaki Ɗaya

 

Maganar da aka ɗora mini yau ba mai daɗin faɗa ba ce a gaban manya, don haka a yi mini afuwa in na kira abu da sunansa. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, mu Hausawa mun san inda ake fara zuwa: wajen kawu, wajen mai unguwa, wani lokaci wajen Hisba ko caji ofis. A zauna, a yi ta ja-in-ja kan a rufa asiri ko a tona. Asibiti shi ne ƙarshe, in ma an je. Alhali jikin yarinyar nan yana da agogonsa, kuma agogon ba ya jiran sulhu.

Akwai maganin da ma'aikatan lafiya ke kira PEP, wanda ke hana ƙwayar cutar HIV kama jiki bayan ta shiga. Sharaɗinsa a fara sha kafin awa 72 ta cika, a ci gaba har kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuwa iyakarsa kwana 5, kuma gwargwadon saurin shansa gwargwadon ingancinsa. Ina roƙon malamai su riƙe wannan: ƙwayar hana ɗaukar cikin nan ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, hana shi shiga take yi. A ƙasar da doka ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, wannan 'yar tazara ita ce kusan duk abin da ke hannun likita. Bayan waɗannan akwai maganin ciwon sanyi da tunjere, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tetanus in akwai rauni. Hausawa sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A nan rabon na cuta ne.

To, a ce iyaye sun yi abin da ya dace, sun kawo yarinyar asibiti ranar Juma'a da dare. Me za su tarar? A yawancin asibitocinmu maganin HIV yana sashen masu ƙanjamau, an kulle sai Litinin. Maganin hana ɗaukar ciki yana sashen tazarar haihuwa, shi ma a rufe. Wanda ke bakin aiki a sashen gaggawa zai ɗinke rauni, ya ce a dawo. Kafin Litinin da hantsi awa 60 ta tafi. Sannan a yanki kati, a bi layi, yarinya ta maimaita labarin abin da aka yi mata a gaban mutum huɗu ko biyar, kowa da irin kallon da zai yi mata. Da yawa daga ƙofa ta biyu suke juyawa gida. Wasu ma a ce musu sai sun kawo takardar 'yan sanda, alhali sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Kada mu ɗauka abin kaɗan ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ku lura da yara mazan, domin su ba su da sashen mata da za a tura su. Binciken ƙasa na 2018 kuma ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Najeriya.

An fara gyara, gaskiya. Cibiyar Mirabel ta buɗe a Legas a 2013, ita ce ta farko irinta a ƙasar nan. Yau akwai Waraka a Asibitin Murtala na Kano, akwai cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, akwai Nana Khadija a Sakkwato. A waɗannan wurare gwaji da magani da shawara da rubuta shaidar da kotu za ta karɓa duk a waje ɗaya ake yi. Sun cancanci yabo. Amma uwar da ke ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, cibiyar birni ba ta gabanta. Abin da ta sani shi ne ɗan asibitin da take zuwa awon ciki, da ungozomar da ta karɓi haihuwarta. Can ya kamata maganin ya kasance. Da ma ana yi wa masu ciki gwajin HIV a wurin awo, ke nan kayan gwaji da ma'aikaciyar da ta iya suna nan. Abin da ya rage horo ne, da akwatin magani ɗaya, da mabuɗin da ke hannun mai aikin dare.

Hanyar kuma tana da komowa. Matar da ke zuwa karɓar maganin ƙanjamau ko tazarar haihuwa, wataƙila a gida ake dukanta ko ake tilasta mata, shi ya sa take fashin magani. In ma'aikaciya ta tambaya a keɓe, cikin mutunci, sau da yawa za ta ji.

Mun yi dokoki masu zafi. Akwai dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015, Kaduna ma a 2020 ta tanadi dandaƙa ga masu yi wa ƙananan yara fyaɗe. Hukunci na da muhallinsa, sai dai shari'a kan ɗauki shekaru.

Saboda haka roƙona ga shugabannin asibitocin da ke zaune a nan: ku koma ku duba ko mai aikin daren Asabar zai iya ba da PEP ba tare da ya nemi kowa ba. Masu unguwanni da limamai kuma, duk wanda aka kawo wa irin wannan ƙara, ya ce a kai ta asibiti tukuna, a dawo a yi maganar.