Jawabin Bikin Cikar Shekara: Mu Rage Yawan Tafiya, Mu Gyara Wadda Ta Zama Dole

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana.

Mu 'yan kasuwa rabin rayuwarmu a kan hanya take. A da, in kaya suka ƙare, sai mu ƙulle kuɗi a bakin zane, mu yi sammako zuwa Kantin Kwari ko Dawanau, mu dawo da dare jiki duk ya mutu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta kai wajen 500, kuɗin mota ya fara cinye mana riba.

To, a nan waya ta yi mana rana. Yanzu mai shago ya turo hoton atamfa ta WhatsApp, mu zaɓa, mu tura kuɗi ta banki, ya kai kaya tasha, direba ya kira mu in ya iso. Saron da mata goma za su fita yi, mace ɗaya mai amana ta isa. An rage ƙona mai da hayaƙin da yaranmu ke shaƙa, an kuma rage fargabar tafiya da kuɗi a jiki.

Abin hawan ma yana sauyawa. Akwai motoci da Keke Napep da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur araha da ƙarancin hayaƙi, in dai ƙwararru ne suka haɗa tukunyar. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna kuma ta waya ake yankar tikitinsa, ga shi yana kwashe mutanen da sai motoci da dama za su ɗauka.

Sai dai waya ba ta yi wa kowa karatu. Wasunmu sun ba da kaya a kan alat na bogi, wasu sun tura jari wa wanda ba su taɓa gani ba, shiru har yau. Sai da muka zauna a ajin yaƙi da jahilci muka iya duba sunan mai asusu kafin mu danna. Wadda ba ta shiga ba, Yaya, ba a girma da karatu.

Roƙonmu ga shugabanni: a buɗe littafin saro na haɗin gwiwa, kowacce ta rubuta abin da take so, a tura wakiliya ɗaya duk mako, a raba kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuma tafiya ta kama, kada mu matsa wa direba ya yi lodin da ya fi ƙarfin motarsa, kada mu jefa ledar ruwa ta taga. Ita ce ke toshe kwata da damina, ita ce akuyar wani ke haɗiyewa.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nemanmu.