Gani Ya Kori Ji, In Gaskiya Aka Nuna

Jawabin kwamitin sulhu a wajen bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaba da 'yan majalisarsa, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, da waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda aka kafa ƙungiya da su amma ba su kai yau ba.

Da aka ce kwamitin sulhu ne zai yi magana a kan tallar kaya da bidiyon waya, wasu sun yi dariya, suka ce me ya haɗa masu raba faɗa da ɗaukar hoto. Abin da ya haɗa mu shi ne, a 'yan shekarun nan da wuya mu zauna sasanta mutum biyu ba a ciro waya an ce mu kalli bidiyo ba. Wannan ya ce ga abin da aka nuna masa, wancan ya ce ga abin da ya aika. A wajen irin wannan zama muka koyi abin da za mu faɗa yau.

Kowa a nan yana tuna yadda abin ya shigo mana. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A waɗannan shekaru mutumin da ya saba zuwa Kantin Kwari ya murza shadda da yatsunsa, ko ya je Dawanau ya soka hannu cikin buhu, ya wayi gari babu hanya. Waya ta zama idonsa, ta zama hannunsa. An buɗe iyaka, amma mai saye bai koma gidan jiya ba, domin ya ga ana iya cinikin tirela guda yana zaune a ƙofar shagonsa.

Saboda haka abin da muke so kowa ya tafi da shi ɗaya ne. Bidiyon da ka ɗauka alkawari ne. Mai kallonsa yana wata ƙasa, ba zai taɓa kayan ba sai ya riga ya biya, ya biya mota, ya biya kwastan. In abin da ya sauka ya saɓa da abin da ya gani, mayar da shi ya fi kawo shi tsada. Duk dabarar da za mu ambata, manufarta a nuna kaya yadda suke.

Bari mu ba da misali, ba tare da kama suna ba. Wani ɗan'uwanmu mai shadda ya sa yaronsa ya ɗaukar masa bidiyo. Yaron, don neman burgewa, ya kunna abin nan da ke ƙara wa hoto haske da launi. Wata hajiya a ƙetare ta gani, ta yi odar anko na bikin 'yarta. Da kaya suka isa, launin da ta gani a waya daban, wanda ke cikin leda daban, ga biki saura kwana tara. Da muka zauna, mai shagon ya rantse bai yi niyyar cuta ba, kuma mun yarda da shi. Amma sai da ya ɗauki asarar mota zuwa da dawowa, ya kuma rasa hajiyar da dukan ƙawayenta, mutanen da mahaifinsa ya yi shekaru yana hulɗa da su. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba.

To yaya ake yi? Ba sai an sayi babbar waya ko an ɗauko mai kyamara ba. A fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, domin yawancin hazon da muke gani a bidiyon 'yan kasuwa maiƙon hannu ne da ƙurar harmatan. A fito da kaya bakin shago, cikin inuwa mai haske, da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana cinye launi, ƙwan lantarki kuma yana juya shi, fari ya koma ruwan ƙwai. Mai ɗauka ya ba haske baya, kaya su fuskanci haske. Mai yadi ya ajiye farar takarda kusa da kayan. In takardar ta fito fara a waya, launin yadin ma ya kusa daidai. A riƙe waya a tsaye da hannu biyu, a dafe gwiwar hannu a jiki, a bi kaya a hankali. Wanda ke wurga waya hagu da dama jiri kawai yake sa mai kallo.

Sai murya. A kasuwarmu mutane da dama ba sa karanta boko, wasu faransanci suka yi, wasu ingilishi, wasu allo. Abin da ya haɗa mu duka shi ne Hausar baka. Don haka ka yi magana da bakinka, kada ka bar rubutu ya yi maka. A kashe janareta na ɗan lokaci, ko a matsa nesa da shi. Abin kunne mai waya, wanda ake sayarwa a bakin titi, yana da ɗan makirufo da ke ɗaukar murya fiye da wayar da ke nesa da baki. Kada a ɗora waƙa. Tana danne maganarka, kuma Facebook kan kashe sautin bidiyo in waƙar mai haƙƙi ce, sai ka ga bakinka na motsi ba a jin komai.

Me za a faɗa? Ka fara da sunanka da na shagonka da garin da kake, da ranar da ka ɗauka. Sannan sunan kaya, da awo, da farashi. A nan ne ɗan kasuwar iyaka ya bambanta da na cikin gari, domin kalma ɗaya tana da ma'ana biyu a tsakaninmu. Bamaraɗe in ya ce ɗari biyu, da dala yake ƙirga, wato jika guda, sefa 1,000. Bakano in ya ji ɗari biyu, 200 ya ji. Mun taɓa zama a kan wannan kaɗai. Ka faɗi kuɗin da sunansa, naira ce ko sefa, ka kuma rubuta adadin da lamba a takarda ka nuna wa kyamara. Haka awo. Yadi bai kai mita ba, yadi goma mita tara ne da 'yan kai. Tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, buhu ma suna ya tara. In da sikeli, ɗora buhun a kai a ga kilo. Ka kuma faɗi ko kuɗin a bakin shago ne ko har da mota, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kwastan.

Ranar da muka ce a faɗa tana da dalili. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, canjin safe kan bambanta da na yamma. Abin da ka ɗora a kan sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda wani ya sauke ya tura wa wani yana nan har shekara. Zai dawo maka wata rana a hannun mutumin da ke cewa ai ga muryarka, kai ka faɗi wannan kuɗi. In ka ce farashin yau ne, ranar kaza ga watan kaza, ka rufe wannan ƙofa.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Ka nuna aibin kayanka. Mai wake ya kwance buhu daga tsakiyar tari, ya soka hannu har ƙasa ya watsa a faranti, a ga ko akwai ƙwaro ko tsakuwa. Mai albasa ya yanka ɗaya gida biyu, ya faɗa ko sabuwar cira ce ko ta rumbu. In ta Galmi ce a ce ta Galmi ce, in ba ita ba ce kada a ara mata suna. Mai rago ya buɗe bakinsa a ga haƙora, ya sa shi ya yi tafiya, ya tsaya kusa da shi don a ga tsayinsa, ba a durƙusa a ɗauko shi daga ƙasa ya koma kamar maraƙi ba. Mai atamfa ya juya bayanta, ya nuna bakin zane da tambari. Wani zai ce ai wannan korar ciniki ne. Mu dai a teburin sulhu ba mu taɓa ganin an kawo ƙarar wanda ya faɗi aibin kayansa tun farko ba. Wanda ya ɓoye shi muke gani, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

A taƙaita. Datar mai kallo kuɗi ce, kuma a ƙauyukan bakin iyaka sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Kaya ɗaya, bidiyo ɗaya, ƙasa da minti guda. In mai saye ya nuna da gaske yake, sai a ɗaukar masa nasa na musamman. A sani kuma WhatsApp yana matse bidiyo don ya yi saurin tafiya, ingancinsa ya ragu. In launi ko saƙar yadi ake son gani, a tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda aka ɗauke shi. Lambar waya a faɗe ta da lambar ƙasa, 234 ta Najeriya ko 227 ta Nijar, don kada mai kira daga ƙetare ya yi ta faɗawa wani wuri.

Akwai ɓarayin bidiyo, kuma sun taɓa mu. Mutum zai sauke bidiyon sitonka, ya ɗora a Facebook ko TikTok da lambarsa, ya karɓi kuɗin kafin alkalami daga mutane, ya kashe waya. Wanda aka cuta kuma ƙofarka zai zo, tunda kayanka ya gani. Maganinsa shi ne fuskarka ko allon shagonka su fito a tsakiyar bidiyon, ba a farko ko ƙarshe kaɗai ba inda ake iya yankewa, kuma ka maimaita sunanka kana cikin nuna kaya. In kai ne mai saye, kada ka tura ko sisi saboda bidiyo kawai. Ka kira shi kiran bidiyo, ka ce ya taka zuwa wajen kayan, ya ɗaga buhun da kai ka zaɓa. Sannan ka tambayi wakilin ƙungiya na garin ko ya san shi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma don haka aka kafa wannan ƙungiya.

Akwai kuma abin da ba a ɗauka sam. Kada a nuna kuɗi. Kada a ɗora lambar mota da ranar tashi da hanyar da za a bi a inda kowa zai gani. Duk mun san halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, kuma ba masu saye kaɗai ke kallon waya ba. Bidiyon lodi yana da amfani, a ƙirga buhu a gaban direba, amma a tura wa mai kaya shi kaɗai. Kada a ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko ofishin kwastan, ko a wane ɓangare na iyaka, domin yana iya jawo ƙwace waya ko tsarewa. Kada a ɗauki matar mutum ko 'yarsa tana ciniki ba da izininta ba. Ɗan dako ma mutum ne, a tambaye shi.

Ga iyayenmu da ke cewa su wannan abu ya wuce zamaninsu, muna roƙo da girmamawa. Alhaji, bar yaro ya riƙe waya, amma kai ka yi magana. Muryarka aka sani a Maraɗi shekara da shekaru, ita ce jarin da yaron bai tara ba tukuna. Kuma kada a saki bidiyo da sunan shagonka sai ka kalla da idonka. Ga matasa kuma, yawan masu kallo ba shi ne ciniki ba. Mutum goma da suka saya suka dawo sun fi dubu goma da suka yi dariya suka wuce. Hajiyoyinmu masu turaren wuta da kayan ɗaki da yaji, waɗanda da yawansu daga cikin gida suke sana'a, sun riga mu gane wannan. Ba sai fuska ta fito ba. Hannu da murya da kaya masu kyau sun isa.

Ita ma ƙungiya tana da nata rabon. In za mu nemi gudummawa don ɗan'uwan da gobara ta cinye wa shago, ko iyalan direban da ya rasu a hanya, ƙa'idar ɗaya ce. A nemi yardar mai abin kafin a ɗauka, kada a tozarta shi don a tausaya masa. A faɗi wanda ke karɓar kuɗin da ranar rufewa. In an gama, a sake ɗaukar wani a nuna abin da aka tara da inda ya tafi. Wanda ya ga ƙarshen gudummawar bara shi ke ba da ta bana.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a ware rana a kowane reshe, matasa biyu ko uku su zauna da dattawa a gwada wannan a aikace, kowa ya zo da kayansa da wayarsa. Muna kuma roƙon duk wanda ya yi ciniki ta bidiyo ya adana shi, tare da saƙon murya da aka yi yarjejeniya a ciki, har kaya su isa a sallami juna. In Allah Ya kiyaye ba a buƙace shi ba, sai a goge.

Iyayenmu sun yi fataucin goro da kanwa da fata a waɗannan hanyoyi tun babu shinge a kansu, suna ba da kaya bashi daga wannan kaka zuwa waccan a kan magana kawai. Waya ba ta canza wannan ba, ta dai sa maganar tana isa da sauri, tana kuma daɗewa ba ta goge ba. Mu kula da abin da muke sa mata.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare hanya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.