Amsar Takardunku: Shin Madara Tana Wanke Ƙurar Gini Daga Ƙirji?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi mai zuwa cin rani Kaduna. Ya ce shekara 12 ke nan, da an gama girbi sai ya shigo Kawo ko Mando ya kama leburanci, yana fasa dutse, yana yankan tayil, yana sharar gini. Yanzu tari ya sa shi gaba, in ya ɗan hau tudu sai haki. Abokan aiki sun ce ya dinga shan madara, za ta wanke ƙurar. Yana tambaya ko gaskiya ne.

To Malam, mun gode da takardarka, Allah ya ba ka lafiya. Amsar ita ce a'a. Madara ciki take sauka, ƙura kuwa huhu take shiga, ka ga hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Cikin dutse da yashi da kankare da tayil akwai wani sinadari da ake kira silika. In aka sa inji aka yanka su a bushe, sai ƙura ta tashi. Wadda kake gani da ido ba ita ce babbar fitina ba. Akwai wadda ido ba ya iya gani, ita ce ke wucewa can ƙasan huhu ta zauna. Jiki ya kasa fitar da ita, sai wurin ya yi tabo, huhu ya ƙandare. Likitoci na kiran cutar silikosis. Galibi sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, amma in ƙurar ta yi yawa ba ta jiran haka. A Amurka, a shekarar 1930, an fara haƙa wani rami cikin dutse a jihar Wes Bajiniya, ana huda dutsen a bushe. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan leburori suka mutu.

Gaskiyar magana, tabon da ya riga ya samu ba ya warkewa. Amma kada ka karaya. Mai wannan ƙura a ƙirji ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka, shi kuwa tarin fuka yana da magani, na wata 6, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Saboda haka tarin da ya kai mako 2, ko rama, ko gumin dare, ko jini cikin kaki, kada ka tsaya kemis. Je ka Asibitin Barau Dikko, ko cibiyar tarin fuka da ke Saye a Zariya, a gwada kakinka, a ɗauki hoton ƙirji. Abu ɗaya kada ka manta: gaya wa likita aikin da kake yi da yawan shekarun da ka yi cikinsa.

Ku kuma da lafiyarku ƙalau, babban makaminku ruwa ne. A jiƙa dutse ko tayil ana yankawa, amma a kula da wayar lantarki. A yayyafa ruwa kafin shara. Ka tsaya ta inda iska za ta kore ƙurar daga fuskarka. Tsumma ko rawani ba ya tare ƙura mai laushi, a nemi takunkumi irin N95 wanda ya kama fuska sosai. In an tashi, kada ka kakkaɓe kayan aiki a ɗaki cikin iyali, a jiƙa su a wanke. Mai shan taba kuma ya bari, don ƙara wa huhu kaya take.

Malam, kuɗin cin rani don taki da iri ake nemansa. In damina ta faɗi ƙirji ya kasa ɗaukar noma, ina ribar? Je ka asibiti cikin wannan mako, sa'an nan ka sake rubuto mana. Ku huta lafiya.