Gajeren bidiyo na iya ceton rai



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. A garuruwa irin su Gude, cikin ƙaramar hukumar Kabo, kunya kan hana a yi wannan magana a fili. Amma matashin da ba zai iya faɗa wa mahaifinsa damuwarsa ba, da dare yana nan riƙe da waya, yana kallon abin da mai turin fina-finai ya zuba masa.

Nan ya kamata saƙon ceton rai ya riske shi. Wani bincike kan labaran jaridu a Ostiriya, a 2010, ya gano cewa labarin wanda ya shiga ƙunci ya fita lafiya yana da alaƙa da raguwar masu kashe kansu. Kururuta labarin mutuwar kuwa illa yake yi.

Don haka 'yan Kannywood da malamai da likitoci su haɗa kai, su shirya gajerun bidiyo da Hausa: wanda ya warke ya ba da labarinsa, likita ya bayyana alamomin ciwon damuwa, a nuna hanyar Babban Asibitin Gwarzo da Asibitin Dawanau.

Kai kuma mai sauraro, in ɗan'uwanka ya ƙaurace wa majalisa, ya daina walwala, tambaye shi, ka saurare shi, ka raka shi asibiti.