Jawabi ga Jama'armu ta Bronx kan Cimar Ɗalibai Marasa Takarda

Allah ya gafarta Malam Liman, dattawan jama'a, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku game da wata mas'ala wadda muke gani kullum muna kawar da kai, watau yunwar 'ya'yanmu da suke karatu a jami'o'in wannan birni alhali ba su da takardar zama.

Asalin al'amarin shi ne, tun shekarar 1982 Kotun Ƙoli ta Amurka, a wata shari'a da ta taso daga jihar Texas, ta yanke hukunci cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don rashin takarda, a nan New York kuwa tun 2017 kowane yaro yana cin abincin rana kyauta a makaranta. Amma ran da ya gama sakandare ya sa ƙafa a jami'a, sai wannan inuwa ta gushe masa, domin katin abinci na gwamnatin tarayya da ake kira SNAP ba ya halatta gare shi, tallafin karatu na tarayya ma haka, kuma ko masu riƙe da takardar kariya daga kora ta DACA, wadda Shugaba Obama ya kafa a 2012, ba su da rabo a cikin katin. Jihar New York ta yi abin yabo a 2019 da ta buɗe musu ƙofar tallafinta na kuɗin makaranta, sai dai biyan kuɗin makaranta daban, tuwon dare daban.

A watan azumin bara na haɗu da wani saurayi ɗanmu a bakin matakalar jirgin ƙasa, ya jingine kekensa, a bayansa ga jakar nan mai kusurwa huɗu ta masu kai wa mutane abinci gida, ƙamshin kaza yana tashi daga cikinta, shi kuwa da lokacin buɗa-baki ya yi sai ya ciro gorar ruwan famfo da guntun burodi daga aljihu. Na ce masa, ɗana, ba akwai rumbun abinci na sadaka a makarantarku ba? Ya ce, akwai, Baba, amma ina tsoron a rubuta sunana. Gaskiya ne akwai irin waɗannan rumbuna a kwalejojin jami'ar birnin nan, watau CUNY, kuma ɗalibi na da haƙƙin ɗiba. To amma wanda ya tashi tun yana ƙarami ana yi masa gargaɗi kada ya yarda sunansa ya shiga littafin hukuma, ba da baki ɗaya ake cire masa wannan fargaba ba, balle kuma a haɗa da kunya irin tamu, da wahalar juya kowane gwangwani ana duba ko da naman alade a ciki.

Mu kuwa, jama'a, zuriyar fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro ne, waɗanda in sun sauka zangon Salaga ko Kumasi sai maigida ya ba su masauki da akushi kafin ya tambayi garinsu. Kuma da yawa daga cikinmu da kwanon almajiranci muka yi karatun allo, wata baiwar Allah tana ajiye mana ragowar tuwo domin neman lada kawai. Malamai sun fi ni sanin cewa a cikin sinfi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba akwai fakiri da miskini da ibnus sabil, ban kuwa taɓa jin an sharɗanta wa ɗayansu fasfo ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A keɓe wani kaso na asusun masallaci a riƙa sayen shinkafa da mai da naman halal, gidajen da Allah ya hore wa kuma kowanne ya ɗauki ɗalibi ɗaya ya ƙara masa hannu a tukunya ko da sau uku ne a mako, sannan kada a kira sunan kowa a lasifika, kada a ɗauki hoto, kada a tambayi yadda ya shigo ƙasar. Wanda ya ga zai iya, ya sami Malam Liman bayan sallar isha'i, shi kaɗai zai san wane ɗalibi ne ke cin abincin wane gida.