Hannun Malami a Gaban Idon Yaro: Lacca kan Koyar da Zane

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Kun san halin da darasin zane yake ciki a makarantunmu, daga nan cikin garin Dakoro har Kornaka da Birnin Lalle. Yana rubuce a jadawali, amma shi ake fara yankewa in lissafi ya ci lokaci. Na daɗe ina jayayya da masu duba makarantu a kan wannan, kuma yau ma ita na zo yi.

Akwai wani Ba'amurke, Bob Ross, da ya yi shirin koyar da zane mai suna The Joy of Painting a tashar PBS daga 1983 zuwa 1994, kashi 403. Shekara 20 ya yi a rundunar sojan sama, yana sajan mai daka wa na ƙasa da shi tsawa, da ya ajiye kaki sai ya ƙudura ba zai sake ɗaga wa kowa murya ba. Cikin ƙasa da rabin awa yake ɗaukar farin ƙyalle ya mayar da shi duwatsu da itatuwa da tafki, yana shafa fenti kan fenti tun bai bushe ba. In hannunsa ya goce, ba ya ɓoyewa: a gabanka zai mayar da ɗigon ya zama reshe. Ya rasu a 1995. Bayan shekara 20, a 2015, dandalin Twitch ya sake nuna shirin a jere, mutum sama da miliyan 5 suka kalla, da yawansu ba a ma haife su ba lokacin da aka fara shi.

Abokan aikina masu ilimin zane suna cewa hotunansa na ado ne kawai, ba su da zurfi. To, a bar su da wannan. Ni malamin nake kallo. Yaro ya ga hannun babba yana aiki daga farko har ƙarshe, ya ga kuskure ya ga gyara, ba tsawa ba dorina. Gani ya kori ji.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ƴan Nijar mun riga Bob Ross shiga wannan hanya da kusan shekara 20. A 1964 aka buɗe talabijin ta makarantu a Yamai, da taimakon Faransa, tun ƙasar ba ta da tashar talabijin ta jama'a. Ku sake ji: yaran makaranta ne suka fara kallon talabijin a ƙasar nan, ba manyan gari ba. Daga 1966 gwajin ya kai azuzuwa wajen 20 a kewayen Yamai, da yara kimanin 800. Gajerun darussa ake watsawa, na kusan kwata ɗin awa, cike da zane da wasan kwaikwayo. Wanda ke tsaye a ajin kuwa ba wani mai babbar takarda ba ne, matashi ne da ya gama firamare aka ɗan horar da shi. In an kashe akwati sai ya ɗora daga inda malamin akwati ya tsaya. A wasu ƙauyukan da hasken rana aka riƙa kunna akwatunan, a zamanin da duniya ba ta gama yarda da faifan sola ba. Masana ilimi daga ƙasashen waje sun yi nazarin gwajin sun rubuta a kansa. Aibinsa babba ɗaya ne a ganina, da Faransanci ake komai, yaron ƙauye kuwa ba da shi yake mafarki ba. Maimakon a gyara wannan, sai aka bar shirin ya shiririce, a ƙarshen shekarun 1970 kayan aikinsa suka zama harsashin tashar Télé Sahel. Muka samu labaran dare, muka rasa malamin akwati.

Kuma ba mu rasa masu hannu ba. Moustapha Alassane, wanda ya yi fim ɗin Bon voyage Sim a 1966 da zanen kwaɗi, ya kuma zauna a Tawa shekaru masu yawa, shekararsu ɗaya da Bob Ross, 1942 aka haife su. Har ya koma ga Allah a 2015 ba mu ajiye shi gaban kamara mako-mako yana koya wa yaranmu riƙon alƙalami ba. Wannan asara tamu ce.

Za a ce zane haramun ne. Malamai sun bambance surar mai rai da ta itace da dutse, kuma shi Ross da ƙyar za ka ga mutum a zanensa. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka fa, wa ya taɓa hana shi? Za a ce yara na karatu a ajin zana, wa ke ta fenti? Gawayi da ƙaro da ake haɗa tawada da su, da jar ƙasa da farar ƙasa, duk ba a saye su da tsada. Ku je kasuwa ku tsaya wurin mai ƙwarya, ku ga yadda yake ɗora ƙarfe mai zafi yana juya ƙwaryar a cinyarsa, layi na bin layi ba awo ba magogi. Ku dubi baduku yana fere fata ja don koren da ke ƙasa ya fito. Waɗannan malaman zane ne, takarda ce kawai ba su da ita.

Ba dutsen ƙanƙara na Alaska irin na zanen Ross nake so yaranmu su kwaikwaya ba. Su zana gawo da aduwa, da rijiya da gugarta, da fadamar Tarka in damina ta sauka.

Buƙatata ba ta sauya ba. Télé Sahel ta ware rabin awa a mako ga malami ɗaya, da Hausa, ya fara zane ya gama shi a gaban kamara ba yanke. A rage nauyin hoton yadda zai bi WhatsApp ya isa salular malamin ƙauye. Kowane darakta ya gayyato mai ƙwarya ko baduku ajinsa ko sau ɗaya a zango, a biya shi ladan wuninsa. Ku kuma masu duba makarantu, ranar da kuka zo rangadi, bayan littafin lissafi ku ce a kawo muku na zane, ku buɗe shi a gaban malamin.