Hoton dattawanmu, daga akwatin mai hoto zuwa bango

Iyayena dattawa, ƴan'uwana ƴan ci-rani na Dungas, ina gaishe ku. Shugaba ya ba ni izinin magana, ba zan daɗe ba.

Wannan takarda da ke hannuna hoton kakana ce. A Kano aka ɗauke shi wata shekara da ya je cin rani. Ku duba. Rawani ya rage, fuska ta tafi, takardar ta yi ɗorawa. Da na bincika dalili, sai na tarar laifin ba na shekaru ba ne kaɗai, tun wajen wanki aka yi gaggawa.

Ga yadda ake aikin. Fim ɗin da ake sa wa akwatin hoto an shafe shi da wani sinadari na azurfa wanda haske ke taɓawa. Mai hoto ya danna, haske ya shiga ƙiftawar ido, amma ba a ga kome ba tukuna. Sai a shiga ɗaki mai duhu, a tsoma fim cikin ruwan magani na fari, siffa ta fito. A ɗauraye, a tsoma cikin na biyu, wanda ke cinye sauran sinadarin da haske bai taɓa ba, don hoto ya tsaya. Abin da ya fito shi ne kilishe, inda farar riga ta zama baƙa, baƙar fuska ta zama fara. Kilishe ita ce uwa. Daga nan a haska ta bisa takarda, ƙarƙashin jar fitila, a sake bi da takardar cikin ruwayen nan. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo: yana tare haske da hannu inda ya yi yawa, ya ƙara inda farar riga ta ɓoye aikin sirfani. Daga ƙarshe sai wanki da ruwa mai yawa. In aka bar maganin na biyu cikin takarda, shi ne ke komawa ya ci hoton a hankali. Abin da ya sami kakana ke nan. Ban zargi mai hoton ƙwarai ba, kowa ya san tsadar ruwa da gaggawar matafiyi.

A Bamako ta Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, ya buɗe shagonsa a 1948. Ƙananan hotuna yake wanke wa mutanen gari, irin namu. Amma bai zubar da kilishe ba, ya adana dubbai. Bayan shekara arba'in da wani abu aka zo aka ɗauke su, aka wanke su manya-manya, aka nuna su a Paris a 1994. Ya rasu a 2001, hotunansa suna nan, zanen kowace mata ana ƙirga furanninsa.

Yau fa? Kowa da salula, hoto ɗari-ɗari. Yaro ya aiko daga Legas ko Libiya, waya ta faɗa rijiya, shi ke nan. Wanda aka buga da tawada mai araha kuwa, rana na kashe shi.

To, roƙona. Duk mai tsohon hoto ko kilishe, ko na kartidanti ne, ya fid da shi daga leda, don leda na riƙe danshin damina. A sa cikin ambulan na takarda, a sa a akwatin ƙarfe saboda gara. A kama shi ta gefe. In za a rataye, kada gilashi ya manne da shi, kada a sa shi bangon da rana ke bugu. A rubuta suna da shekara a baya da fensir, ban da bik, tawadarsa na ɓullowa.

Iyayena, sunayen nan ku kaɗai kuka san su. Taro mai zuwa ku zo da hotunan, ni zan zo da littafi da fensir. Wassalam.